Koriyar Fitila a Tafkin Moen

Asabar, 4 ga Janairu

Yau 'yan talabijin suka zo garejinmu. Namiji ɗaya mai kyamara, da wata mata mai haƙora farare tas wadda ta yi ta kirana "yarinya 'yar shekara sha shida da ta gagari ƙanƙara". Ni kuwa hancina na ta yoyo, yatsuna duk ƙunar dalma. Ƙawata Brynn ce ta yi yawancin maganar. Dama haka muka raba aiki tun farko: ni haɗa wayoyin lantarki, ita baki.

Sai da na maimaita bayanin akwatin da na ƙera sau uku. Bai fi sabulun wanki girma ba. Ka ɗora shi a kan daskararren tafki, ya aika ƙara ƙasa, ƙarar ta dawo, ya faɗa maka kaurin ƙanƙarar. Ka zaɓi ƙafa, ko babur, ko mota. In fitila ta kawo kore, ka wuce. In ja ce, ka koma gida ka sha kofi. Mun sayar da ɗari uku da 'yan kai tun Nuwamba, kuma ranar Juma'a wani kamfani mai shaguna a jihohi biyar zai turo mutum mu sa hannu.

Kawu Arvo, yayan Mama, ya tsaya a bayan kyamara yana cin gyaɗa yana yi mini gwalo. Da suka tafi ya ce, "Injiniya, a ba mu hannu mu taɓa, ko mu ma a haska mu." Wai ya jingine sandar ƙarfensa a bayan ƙofa, ta yi ritaya. Shekara hamsin yana tafiya a kan tafki yana dukan ƙanƙara da sandar nan yana sauraren amsarta. Na ji daɗi. Har da ɗan fankama, tunda ba mai karanta wannan sai ni.

Dusar ƙanƙara ba ta daina zuba ba tun Kirsimeti.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan an tashi daga coci na fita Tafkin Moen ni kaɗai, in huta da gaisuwar mutane. Na ɗora akwatin: inci goma sha huɗu, kore, har ga mota. Na fara huda ramin fatsa da abin hudawa na hannu. Juyi shida, bakwai, sai ya zurma. Wani ruwa mai kauri kamar kunu ya taso ya jiƙa mini takalma. Na ɗauka na huda ke nan. Ashe da sauran ƙanƙara a ƙasa.

Na kwanta rub da ciki na zura ma'auni. A sama inci uku, fara, mai rugurgujewa. A tsakiya inci shida na ruwa da dusa a cakuɗe. A ƙasa inci biyar na ƙanƙarar gaskiya. Akwatin ya haɗa su duka ya ce sha huɗu.

Inci biyar ba ya ɗaukar mota. Ɗan firamare ma a garin nan ya san haka.

Kafin in miƙe tsaye na san dalili. Bara na yi duk gwajina, kuma bara ba a yi dusa ba, ƙanƙarar baƙa ce tas, guda ɗaya daga sama har ƙasa. Bana dusa ta danne tafkin, ruwa ya taso ta tsaga, samansa ya daskare ya rufe. Ban taɓa gwada akwatin a kan irin wannan ba. Ko a raina ban kawo ba.

Na ɗaga kai, ga akori-kura huɗu can tsakiyar tafki. Na dawo gida ina taka sawun da na bi na zo.

Litinin, 6 ga Janairu

Na huda rami tara bayan an tashi daga makaranta. A shida akwatin ya yi ƙarya. Na ce wa Mama mura ce ta hana ni cin abinci.

Talata, 7 ga Janairu

Na faɗa wa Brynn a ɗakin cin abinci na makaranta. Ta ajiye cokali.

"Tova, kin haukace? Saura kwana uku!"

Na ce mutane suna hawa da mota, da 'ya'yansu a baya.

"Ai mun rubuta a takardar cikin kwali: a huda a tabbatar. Ni na rubuta da hannuna."

Na ce wa kika taɓa gani yana karanta takardar cikin kwali?

Ta kama mini hannu. Ta ce mu sa hannu Juma'a, in gyara Asabar da Lahadi, Litinin mu fitar da sanarwa. Kwana nawa ne duka-duka? Kuma rediyo ta ce sanyi zai ƙaru, ruwan tsakiyar zai daskare da kansa.

Ina so in rubuta cewa ta tilasta mini. Ba ta tilasta mini ba. Abin da na je nema ke nan, wanda zai ce mini in jira, kuma na samu.

Laraba, 8 ga Janairu

Muna ajin lissafi jiniya ta tashi, ta nufi wajen tafki. Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a banɗaki ina amai, ina cewa Allah ka sa ba yara ba ne, Allah ka sa ba yara ba ne. Ashe bututun hayaƙin wani gida ne ya kama wuta.

A motar makaranta na koma kujerar ɗaya gefen don kada in ga tafkin. Duk da haka na leƙa. Mota goma sha ɗaya a kan ƙanƙara.

Sanyi bai ƙaru ba. Dusa ce ma ta ƙaru.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kawu ya zo cin abincin yamma, ya kawo naman barewa. Gobe da sassafe zai tafi gidansa na daji, ya ja bukkar kamun kifinsa zuwa tsakiyar Tafkin Aho da mota. Can ko layin waya babu.

Na ce, "Kawu, ka tafi da sandar."

"Sandar me? Ai na ba ta hutu. Yanzu muna da Injiniya."

"To ka sauke gilashi, ka kwance bel, kamar yadda ka koya mini."

"Da wannan sanyin? So kike kunnuwana su faɗo?" Ya yi dariya, ya dubi Mama. "Kin ga 'yarki, Ritva? Jiya-jiya nake ɗaure mata takalmi, yau ita ke koya mini tafki."

Mama tana ta murmushi. Ta goge mini rigar da zan sa gobe wajen sa hannu, ta rataye a ƙofa. Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta haka ba. Maganar ta zo har bakina. Na buɗe baki, sai na ce a miƙo mini dankali.

Yana fita ya dafa kaina. Ni kuma na

Ba zan iya ba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Daga asibiti nake rubutu.

Ƙarfe bakwai na safe na faɗa wa Mama, tana zuba kofi. Duka, tun daga Lahadi. Ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Arvo." Sai kuma, "Ɗauko makullin mota."

A mota na aika saƙo ga duk wanda ya sayi akwati. Na rubuta: "Akwatin na iya yin kuskure a wasu wurare, don Allah a dawo da shi a gyara." Na kira Mista Halvorsen mai shagon kayan fatsa na ce ya sauke su daga kanta. Brynn ta kira sau goma sha wani abu, ban ɗauka ba. Wayar Kawu ba ta shiga.

Awa ɗaya da rabi muka yi muna tafiya.

Da muka isa bakin Tafkin Aho na ga sawun taya biyu sun sauka kan ƙanƙara, sun miƙe ɗoɗar. Na bi su da ido. Can nesa suka ƙare a wani baƙin rami, rufin bukkarsa na leƙowa daga ciki. Na zauna a cikin dusa. Na ji Mama tana kiran sunan yayanta da wata murya da ban san tana da ita ba.

Wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke bakin ruwa da bargo a kafaɗa. Ta ce yana da rai. Ya fito ta taga, ya ja jiki da gwiwar hannu har kan ƙanƙara mai ƙarfi, wasu 'yan'uwa biyu a kan babur suka tsince shi. Motar asibiti ba ta daɗe da tafiya ba.

Likita ta ce zuciyarsa lafiya, amma hannun dama sai an gani. Ya daɗe a jiƙe kafin a same shi.

Da aka bar mu muka shiga, leɓɓansa shuɗi ne. Ya kalle ni ya ce, "Na sauke gilashin, Injiniya. Don dai kada ki dame ni." Na fita da gudu.

Rigar tana nan a rataye a ƙofa, na sani. Mutumin kamfanin ya jira, Brynn ta ba shi haƙuri, ya koma.

Asabar, 11 ga Janairu

Ɗan sanda ya zo ɗaukar bayani, ina zaune a gefen gado. Ya tambayi Kawu ko ya auna ƙanƙarar kafin ya hau.

"Ina fa. Ido na bi, kamar wawa."

"Ba ka da akwatin nan na yarinyar?"

"A gida na manta shi. Da na ɗauka ai da ba ka gan ni a nan ba. Rubuta haka: tsoho ne, girman kai ya ci shi."

Ɗan sandan ya yi dariya ya rubuta. Da ya fita Kawu ya rufe ido ya ce, "Kin ji abin da na ce. Magana ta ƙare."

Da rana na je gidansa in ba kyanwarsa abinci. Sandar tana bayan ƙofa. Na duba ƙugiyar da yake rataye akwatin, na duba kicin, na duba gareji, har ƙarƙashin gado. Babu akwatin. Da shi ya tafi ke nan.

Litinin, 13 ga Janairu

A shagon Halvorsen akwai bangon da suke kira bangon gwanaye. Duk wanda motarsa ta nutse sai an liƙa hotonsa a nan, kuma shi zai sayi kofin kowa ranar da ya fara dawowa. Shekara da shekaru Kawu ne ke tsayawa a gaban bangon nan yana ba kowane hoto suna. Yau na shiga na ga nasa, rufin bukka a cikin rami, an rubuta a ƙasa: "Arvo ya je gaida kifi."

Tsofaffin suna ta shewa. Ɗaya ya ce mini, "Ki ba kawunki akwati kyauta mana, 'yar nan. Ko rowa kike masa?"

Akwati arba'in da biyu kawai aka dawo da su. Mista Halvorsen ya ce sauran cewa suke, nasu lafiya lau yake, ga shi wanda bai riƙe ba shi ya faɗa ruwa. Har mutum biyu sun zo nema yau, sun ji haushi da ya ce babu.

Na fito na tsaya a waje ina haki. Ƙaryar Kawu ta zama talla.

Talata, 14 ga Janairu

Gasar kamun kifi ta shekara ranar Asabar ce, a Tafkin Moen. Masu shiryawa suna share hanya su auna ta da kyau, amma wa ke tsayawa a kan hanya? Kowa da wurinsa na sirri da ya gada daga ubansa, ba ya faɗa wa ko matarsa. Can za su juya motocinsu, inda ba wanda ya huda, da akwatina a hannu.

Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na sa ta a aljihun tebur, sai na ji tsoron rashin jin ta, na ciro.

Alhamis, 16 ga Janairu

Likitoci sun cire wa Kawu yatsu biyu, ƙarami da mai bi masa.

Na je asibiti bayan an tashi daga makaranta. Yana ƙoƙarin riƙe kofi da hagu, ya hana ni taimaka masa. Na ce, "Kawu, inci nawa akwatin ya ce maka?"

Ya ce, "Sha biyar. Kore shar."

Na ce zan faɗa wa mutane. Fuskarsa ta canza, ban taɓa ganin haka ba.

"Ke, saurara. Kin san lauyoyi? Gidan uwarki za su ɗauke, har da tukwane. Sunanki zai bi ki duk makarantar da kika nema. Kin aika saƙo, kin fita hakkinsu."

Na ce ba su yarda ba, saboda abin da ka faɗa.

"To wanda bai ji bari ba ya ji hoho! Ni na ba da yatsu biyu, na ba da sunana a bango suna dariya. Ba don ki je ki zubar ba."

Na ce tun Lahadi na sani, Kawu. Ranar da ka zo da nama, na sani.

Bai sani ba ashe. Mama ba ta faɗa masa ba. Ya dube ni, ya dubi hannun da ke naɗe. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Rufe mini ƙofa in kin fita."

Juma'a, 17 ga Janairu

Na tambayi Mama, in sun karɓe gidan fa? Ta ci gaba da wanke kwano. Ta ce, "Gida ai katako ne. Sa safa biyu gobe."

Tsoro nake ji. Tsoron gobe, da tsoron in gobe ta zo in sake cewa a miƙo mini dankali.

Asabar, 18 ga Janairu

Hanya ɗaya ce motoci ke sauka tafkin, ta bayan coci. Nan na tsaya tun gari bai gama wayewa ba, da kwali babba na zuba akwatuna a gabana. Mama na baya da butar kofi.

Mota ta farko ta Mista Rautio ce, abokin Kawu. Na ɗaga hannu, ya sauke gilashi. Na ce masa:

"Akwatina ne ya jefa Kawu Arvo a ruwa. Ya ce masa inci sha biyar. Ƙarya yake yi a kan ƙanƙarar bana. Don Allah a ba ni."

"Ke nan Arvo ƙarya ya shara mana?"

"E."

Ya tsura mini ido, ya cire akwatin daga wuya ya miƙo. Ya ce, "Tsohon banza," amma muryarsa ta karye.

Haka na yi ta yi, mota bayan mota, layi har titi. Wasu na danna hon. Wani ya ce in matsa ko ya taka ni, Mama ta tako gaba, ya yi shiru. Wani ya ce zan ji daga lauyansa. Wata kaka ta ba ni alawa. Bayan mota ta talatin na daina jin fuskata, amma maganar ta daina maƙalewa.

Sai Misis Dahl, da yara uku a kujerar baya, ƙaramar na barci da hula mai kunnen zomo. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Ranar Laraba ta makon jiya na kai su can tsakiya da akwatinki. Yaushe kika sani?"

Zan iya cewa Juma'a. Ba wanda zai ƙaryata ni.

Na ce, "Lahadi kafin nan."

Ta waiwaya ta kalli 'ya'yanta. Ba ta miƙo mini akwatin ba, ta sake shi ta taga ya faɗi a ƙafata. Ta juya motar ta tafi gida. Wannan kallon zai daɗe tare da ni.

Masu gasar sun ja igiya, sun hana kowa barin hanyar da aka auna. An yi ta gunaguni. Ba wanda ya faɗa ruwa.

Laraba, 22 ga Janairu

Brynn ta canza kujera a aji. Kamfanin ya aiko da layi biyu na ban-kwana. Wasiƙar lauya ɗaya ta zo, Mama ta sa ta a ƙarƙashin gwangwanin sukari. An sallami Kawu, bai kira ba. Mista Halvorsen ya cire hoton daga bango, kuma an ce Kawu ya fi jin haushin wannan fiye da komai, wai yanzu tausayinsa ake ji.

Na kulle garejin na ba Mama makullin. Na gama da haɗa wayoyi har abada.

Lahadi, 26 ga Janairu

Muna dawowa daga coci na ga motar Mista Rautio tana barin ƙofar gidanmu. Kawu na zaune a gaba, hannu a naɗe, ya kafe ido a titi. Na ɗaga masa hannu. Bai juyo ba.

A bakin ƙofa sun bar bahon roba, an rufe da buhu. Na ɗaga. Gundumen ƙanƙara ne, an yanko shi da zarto daga sama har ƙasa: fara a sama, cakuɗaɗɗiya a tsakiya, baƙa a ƙasa. An liƙa takarda a jikin bahon, da rubutun hagu, haruffan duk a karkace: "Daga Aho, daidai wurin. Gwada a kan wannan."

Na ce wa Mama ba ruwana da shi. Ta ce to, ta shiga ciki.

Ban taɓa shi ba. Na dai kwashe naman barewa daga babban firiza na gareji na saka shi, don rana ta fito, kada ya narke a banza. Makullin ma don wannan kawai na karɓa.

Yana nan a aljihuna. Gobe zan mayar mata, ko jibi.